Sharhi: Muhimmancin Tantance Tsuntsaye Kafin a Nemi Jirgin Feshi a Yankin Gwarzo da Kabo

A duk shekara, da zarar gero da dawa sun fara ɗaukar ido, hankalin manoma a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo kan koma sama, domin fargabar isowar tsuntsayen jan-baki. Kukan da aka fi ji a irin wannan lokaci shi ne a aiko da jirgin feshi. Wannan kuka yana bisa hanya, sai dai akwai wani aiki da ke gabansa, wanda ya rataya a wuyan mutanen karkara da shugabanninsu, wato tabbatar da ko wane irin tsuntsu ne aka gani, da kuma inda yake kwana.

Babu mai musun ɓarnar jan-baki. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa tsuntsu ɗaya kan ci kimanin giram 10 na hatsi a rana, ke nan garke mai tsuntsu miliyan 2 zai iya lashe tan 20 kafin faɗuwar rana. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne, amma idan suka yi ƙaranci sai ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa da alkama. Saboda haka ne Ma'aikatar Gona ta Tarayya, tare da gwamnatocin jihohi irin su Borno da Yobe da Jigawa da Kebbi, suka daɗe suna amfani da jiragen sama wajen yaƙar sa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, jirgin ba ya bin tsuntsaye gona-gona. Jan-baki kan watsu da rana ya yi tafiyar kilomitoci da dama neman abinci, da yamma kuma ya taru wuri guda, a cikin kacala ko gonar rake ko itatuwan ƙaya da ke kusa da ruwa. A nan ne jirgin kan sauko ƙasa-ƙasa dab da magariba ya yi feshin. Idan rahoton da aka bayar bai nuna makwancin daidai ba, an yi asarar kuɗin jirgi da na magani, tsuntsayen kuma su wayi gari a gona.

Bugu da ƙari, wannan yanki yana da wani hali na musamman. Tun daga zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin gina madatsun ruwa da muhimmanci, har yammacin jihar ya samu irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, sannan aka kammala babbar madatsar Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Ruwan da jan-baki ke kwana a bakinsa, shi ne ruwan da makiyaya ke shayar da dabbobi, masunta ke kamun kifi, manoman rani ke ban ruwa. Haka zalika, shi ne matattarar tsuntsayen da ba su da laifi ko kaɗan, kamar balbela da zalɓe da kirinjijiya da shamuwa.

A nan ne batun tantancewa ya taso. Namijin jan-baki a lokacin kiwo yana da jan baki, galibi kuma da baƙin fuska. Amma tamatar a wannan lokaci bakinta kan koma rawaya, ƙananan kuma launin ƙasa ne da su, ba su da wata alama mai jan ido. Wanda bai lura ba zai iya ɗaukar su gwara ne ya ƙyale, ko kuwa ya ga taron kabare a kan bishiya ya ce jan-baki ne. Alamar da ta fi tabbas ita ce yanayin tafiyarsu: jan-baki kan tashi dubbai a dunƙule kamar hayaƙi, su juya gaba ɗaya, su sauka gaba ɗaya.

Irin wannan ruɗani ya fi tsanani game da tsuntsayen ruwa masu ƙaura, waɗanda kan baro Turai idan sanyi ya shiga, su ratso hamadar Sahara su sauka a tafkunan arewacin Nijeriya, kamar fadamar Haɗeja da Nguru da Tafkin Cadi. Cikinsu akwai wani jinsi na tsuntsayen bakin teku, manyansu farare masu fukafukai ruwan toka ko baƙi-baƙi, amma ƙananansu dabbare-dabbare ne da launin ƙasa. Wasu sai sun shekara 4 kafin su ɗauki kamannin iyayensu. Mai kallo daga nesa zai zaci wani baƙon tsuntsu ne ya zo ɓarna, alhali kifi da ƙwari yake ci, ba ruwansa da zangarniya.

Illar jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa ga waɗannan tsuntsaye iri biyu ce. Ta farko ita ce firgita: masu kwanci kan tashi su bar ƙwai ga zafin rana da hankaki, masu ƙaura kuma su ƙona kitsen da suke tarawa domin komawa gida. Tashinsu a gaban jirgin haɗari ne har ga matuƙin kansa. Ta biyu ita ce gubar. Maganin da aka fi amfani da shi, mai suna fenthion, ba ya zaɓe. Yakan kashe duk tsuntsun da ya taɓa, har da shirwa da shaho da mujiya da ke cin mushen daga baya, alhali su ne ke rage wa manomi ɓeraye. Ƙasar Cadi ce ta gabatar wa duniya rahoton cutarwar da irin wannan magani ya yi wa mutane, kuma a 2025 aka sanya nau'in da ake feshin da shi cikin jerin magunguna masu haɗari na Yarjejeniyar Rotterdam.

Don haka ya zama wajibi dagatai da masu unguwanni su riƙa bin matakai kafin kai ƙorafi. A tura mutanen da suka san daji su bi garken da yamma har su ga inda ya sauka. A lura da girman wurin, da nisansa daga ruwan sha, da rugagen makiyaya, da amya, da irin tsuntsayen da ke kwana tare da su. Sannan a gayyaci malamin gona na hukumar KNARDA ko sashen gona na ƙaramar hukuma ya gani da idonsa. Rahoton da ya ƙunshi waɗannan bayanai ya fi saurin samun amsa, ya kuma taimaka wa jami'ai su yanke shawarar ko jirgi ake bukata, ko feshin ƙasa, ko kuwa kamu da raga, kamar yadda mutanen Cadi ke yi su sayar a kasuwa.

Idan kuwa feshin ya zama dole, to a yi shela tun da wuri a masallatai da kasuwanni, a janye dabbobi da yara, a dakatar da su na ɗan lokaci, a tattara matattun tsuntsaye a binne. Kada kowa ya ci ko ya sayar da tsuntsun da aka tsinta bayan feshi. Manoma kuma su daure su yi shuka lokaci guda, su yi nome da kyau, domin gonar da ta nuna ita kaɗai, ko wadda ciyawa ta cika, ita ce jan-baki ke fara sauka a kai.

Daga ƙarshe, kare hatsi da kare ruwan madatsunmu aiki ne guda, kuma yana farawa ne daga sahihin rahoton da ya fito daga ƙauye. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare amfanin gonakinmu, amin.