Wuski da Dokar da ke Gadin Sunanta

Wuski giyar hatsi ce. Ana jiƙa hatsi ya tsiro, a bar ruwansa ya yi tsami, a dafa a tara tururin, sannan a zuba a gangar katako ta kwanta. A Sikotland sha'ir ne ginshiƙi, kuma doka ba ta yarda a kira ta Scotch ba sai ta shekara 3 a ganga. Bourbon ta Amurka kuwa dole masara ta kai kashi 51 cikin ɗari, kuma ta kwanta a sabuwar gangar da aka babbake cikinta. Japan wajen Sikotland ta koyo. Ni addinina ya haramta mini wuski. Amma yadda Sikotland da Amurka ke tsare sunan kayansu da doka, wannan kam daidai suka yi.