Jos ko Gembu? Hazo Ba Ya Cajin Kwamfuta

Da Afrilu ya kama, zafin Jega da Aliero ya haura digiri 40, kwamfuta ta fara kashe kanta, sai gardama ta ɓarke tsakaninmu masu rubuta manhaja: Jos za mu koma ko Gembu? 'Yan Gembu, ku yi haƙuri, bidiyon TikTok ne ya ruɗe ku. Kun ga hazo da gonakin shayin Kakara, kun manta da abin da ke ciyar da mu.

Sana'armu wuta take ci da intanet. Tashar lantarkin Mambila mai megawat 3,050 ta haura shekara 40 a bakin gwamnatoci, har yau tana kan takarda. Ga nisa: daga Maiyama sai mutum ya keta Arewa kaf har gab da iyakar Kamaru. In aka yi rasuwa a gida, sai dai ya iske sadakar uku.

Jos kuwa tana da jami'a, da filin jirgi, da cibiyar nHub inda irinmu ke haɗuwa. Za ku ce rikici. Gaskiya ne, 2001 da 2008 ba tatsuniya ba ne, har yau unguwanni a rabe suke. To ai Mambila ma ta zubar da jini a 2017. Tsauni bai taɓa kare kowa daga fitina ba.

Mai neman hutu ya je Gembu ya yi mako guda. Wanda kuɗin hayarsa da na makarantar yara ke fitowa daga kwamfuta, ya nemi ɗaki a Jos.