Daga rijiyar Kusugu zuwa tatsar ruwa daga iska: fasahar da ya kamata a gwada a Daura

Kowane ɗan Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, inda macijin da ake kira Sarki ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Farfesa Omar Yaghi ya taso cikin irin wannan ƙunci. An haife shi a 1965 a birnin Amman na Jordan, cikin iyalin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, a unguwar da ake sako ruwan famfo na 'yan sa'o'i kawai a mako ɗaya ko biyu. Ranar 8 ga Oktoba 2025 aka sanar da cewa shi da Susumu Kitagawa da Richard Robson ne suka lashe kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, saboda wani abu da ake kira MOF.

MOF gari ne da aka gina daga ƙwayoyin zarra na ƙarfe. Ƙwayoyin kan taru rukuni-rukuni, sai wasu sinadarai masu baki biyu su cafke su kamar awartaki, su haɗa wannan rukuni da wancan. Abin da ke fitowa ya yi kama da saƙar zuma, cike da ramukan da ido ba ya gani. A samfurin MOF-801, kowane rukuni na ɗauke da ƙwayoyin ƙarfen zakoniyam guda 6. Da dare ramukan kan zuƙo laimar iska, da rana kuma zafi ya koro ta, ta taru ta zama ruwa. A 2017 ayarin Yaghi da masu bincike na MIT suka nuna cewa hakan na yiwuwa ko da laimar iska ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba.

Wannan shi ne yanayin Daura lokacin hunturu, sa'ad da leɓe ke tsagewa, wanki ya bushe nan take. Don haka babu dalilin da zai sa gwajin ya tsaya a hamadar Amurka. Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Jami'ar Bayero suna da sassan koyar da sinadarai, Daura kuma na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Ya kamata gwamnatin Katsina ta ware kuɗin bincike, a haɗa masu sarrafa garin da masu ƙera akwatinsa, a auna abin da yake bayarwa cikin ƙurar hunturu.

Sai dai kada a yi wa kowa romon baka. A gwajin 2022 a Death Valley, kilo ɗaya na MOF-303, wanda aka yi da alminiyam mai araha, bai tara rabin lita a yini ba. Wannan ba zai maye gurbin rijiyar burtsatse ko famfo ba. Amfaninsa na farko shi ne ruwan sha mai tsabta ga ƙaramin asibitin ƙauye ko rugar da ke nesa da rijiya.

Matasa da yawa sun ɗauka fasaha ta ƙare a manhaja da sabuwar waya. Alhali hasken fuskar OLED da suke latsawa ma na fitowa ne daga ƙarfen iridiyam da irin waɗannan awartakai suka riƙe. Ɗalibin da ke ganin an cuce shi don an tura shi sashen sinadarai maimakon kwamfuta ya sake tunani, domin har yanzu akwai garuruwan da ke jiran ranar ɗiban ruwa.