Kanwa ba ta kashe tsutsar cikin doki

Idan salla ta gabato, daga Damagaram har Maradi mukan ga masu dawaki suna sayen sabon sirdi da linzami. Dokin kuwa ga haƙarƙari a waje, yana ta goga gindin wutsiya a jikin garu. In an yi magana, sai mai shi ya ce: "Ai ina ba shi kanwa."

Mu dai ba mu yarda ba. Kanwa da gishiri da dusa da harawa suna da amfaninsu, amma ba sa kashe tsutsar ciki. Dokin da ke da ita, dawar da muke zuba masa tsutsa muke ciyarwa. Ƙwanta yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, doki ya sake haɗiye ta tare da ciyawa. Saboda haka mu riƙa share turke kullum. Magani kuwa, a nemi likitan dabbobi, shi ya san awon da ya dace da nauyin doki. Na tebur a kasuwa, asarar kuɗi ce sau da yawa.

Laimar nan kuma ita ke ruɓar da ƙarƙashin kofato da damina. Mu ɗaga ƙafar, mu ƙwaƙule taɓo da tsakuwa. In wurin ya yi baƙi yana wari, kada a jira sai doki ya fara ɗingishi.