Koyon Siddabarun Fim a YouTube: Inda Ya Kamata Matashin Kawo Ya Fara

A shagunan ɗaukar hoto da tace bidiyon biki da ke Kawo da Unguwar Dosa da Hayin Banki, ba wuya a tarar da matashi ya duƙufa a gaban kwamfuta, waya a jingine a gefe, wani Bature yana zuba bayani a YouTube. Ya tsayar da bidiyon, ya danna abin da aka danna, ya koma baya, ya sake. Bayan kwana biyu sai ga wuta tana fita daga tafin hannun ƙanensa, ko walƙiya tana sauka a tsakar gida. Abokai su yaba, a yaɗa a WhatsApp. Amma bayan wata shida, da yawa daga cikin irin waɗannan matasa suna nan inda suke: darussa sun cika waya, kuɗin data sun ƙone, kuma babu wanda ya taɓa biyan su ko sisi saboda wannan fasaha.

Laifin ba na darasin bidiyo ba ne, domin Kaduna tana da hujja a hannu cewa ana koyon siddabarun fim ta wannan hanya. A watan Agustan 2019 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin wasu samari 'yan Kaduna da ke kiran kansu The Critics, waɗanda suke shirya gajerun finafinan ƙagaggen kimiyya da wayar hannu mai fasasshen gilashi da koren ƙyallen da suka yi asusu suka saya. A intanet suka koyi aikin. Labarinsu ya kai Amurka, har darakta J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Abin da ake yawan mantawa shi ne, waɗannan samari labari suke da shi da suke son bayarwa, kuma ƙungiya ce mai kammala fim ta fitar. Mai fim a hannu yana neman darasi ne don ya warware matsalar da ta tare shi. Wanda ba shi da komai a hannu kuwa, aikin malamin kawai yake maimaitawa, da hotunan da malamin ya ɗauka, da hasken da malamin ya riga ya daidaita. Ranar da aka miƙo masa bidiyon da aka ɗauka da tsakar rana a tashar Kawo, ƙura tana tashi, kyamara tana rawa, sai ya rasa ta inda zai kama.

Saboda haka abu na farko da ya kamata mai koyo ya yi shi ne ya ɗauki nasa hoton, ko da na daƙiƙa goma ne, ya gwada kowane darasi a kansa. A nan ne zai gane cewa danna maɓalli shi ne mafi sauƙin aikin. Mai wuyar shi ne ido: daga ina rana take haskowa, ina inuwa ta faɗi, me ya sa abin da aka ɗora yake zamewa idan kyamara ta motsa, me ya sa launinsa ya fi na sauran hoton kaifi.

Na biyu shi ne zaɓen manhaja. Yawancin masu farawa After Effects suke nema, domin ita suka fi gani a darussa. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma karɓar kuɗin haya a kan manhajojinsa, kuma faɗuwar naira tun daga tsakiyar 2023 ta ƙara wa wannan haya nauyi. Abin da ke biyo baya sananne ne: a nemi fasasshiyar manhaja a filashi, ta zo da ƙwayar cuta, ta mutu ana tsakiyar aiki. Alhali akwai na halal kyauta. Blender ta zama ta kowa tun 2002, lokacin da masu amfani da ita suka tara Yuro 100,000 suka fanshe ta, kuma da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta finafinan zane a 2025. DaVinci Resolve ma tana da nau'in kyauta, kuma tun 2018 aka haɗa mata sashen Fusion na harhaɗa hotuna, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Gaskiya ne ɗakunan tace fim da yawa da kayan Adobe suke aiki, amma wanda ya iya bin sawun motsin kyamara da cire koren ƙyalle da daidaita launi a wata manhaja, ba zai daɗe ba zai iya a wata. Ilimin yana kan mutum, sunayen maɓallai ne kawai suke sauyawa.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar aljihu, shi ne irin aikin da ake koyo. Finafinan da suka riƙe masu kallon Hausa a shekarun nan, irin su Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, labarai ne na gida da ofis da unguwa. Ba kasafai suke buƙatar dodo ko fashewar jirgi ba. Abin da kowane darakta yake fama da shi kullum ƙanana ne: makirfon da ya leƙo ta saman hoto, allon tallar da bai kamata ya fito ba, lambar motar da ake son ɓoyewa, saƙon da za a sa a fuskar waya, sararin samaniyar da rana ta ƙone ya yi fari fat. Wanda zai ɗauki labarin shekarun 1980 a Kawo dole ya kawar da sabuwar gadar da aka buɗe a watan Janairun 2022, da turakun sadarwa, da lemomin masu POS. Irin wannan gyara, idan ya yi kyau, mai kallo ba ya ma sanin an yi. Ba ya jawo tafi a WhatsApp, amma shi ne wanda furodusa da mai tallan kaya da mai bidiyon biki za su zaro kuɗi su biya.

Akwai masu cewa duk wannan magana ce ta wanda bai san halin da ake ciki ba, kuma ƙorafinsu yana da tushe. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wuta kuma ba ta da tabbas, ga shi aikin yana cin lokaci: daƙiƙa goma na bidiyo hotuna 250 ne idan ana ɗaukar 25 a kowace daƙiƙa, kuma idan kwamfuta tana ɗaukar minti biyu kafin ta gama kowane ɗaya, an haura awa takwas. Darussan ma galibi da Turanci suke, cikin lafazin da ba kowa ke kamawa ba. Sai dai waɗannan matsaloli su ne ma suke ƙara wa shawarar ƙarfi. Mai ƙarancin data bai kamata ya sauke darasi hamsin ba. Guda ɗaya ya ishe shi ya nazarce shi har ya zauna. Goge allon talla kuma ba ya wahalar da tsohuwar kwamfuta kamar yadda hayaƙi da wuta suke yi.

Abin da bidiyo ba zai taɓa bayarwa ba shi ne wanda zai duba aikin ya ce bai yi ba. A Panteka, yaron da ke koyon walda yana da ubangidan da zai ƙwanƙwasa ƙarfen, idan haɗin bai kama ba ya sa shi ya sake. Mai koyo a YouTube ba shi da wannan sai ya nema da kansa. Matasa huɗu ko biyar na unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗin data, su raba darussa, su zauna duk mako kowa ya nuna daƙiƙa gomansa, sauran su faɗi inda ido ya kama ƙarya. Waɗanda suka riga suka iya kuma, lokaci ya yi da za su fara ɗaukar darussa da Hausa, da hotunan titunan Kaduna, don na baya su daina fassara kafin su fahimta. Ranar da mai koyo ya nuna wa abokansa bidiyo suka kasa gane inda ya taɓa, ranar ce ya cancanci ya kai aikinsa gaban darakta ya faɗi farashinsa.