Zauren Iyali: Godiya Mai Ƙafa

Ga shi Allah cikin alherinsa ya sake kawo mu watan Disamba. A nan Gwadangaji, a bakin Birnin Kebbi, hunturu ya sauka, hazo yana rufe fadama da safe, yara kuwa sun fara kukan kaushi da faso. An gama girbin damina, masu noman rani sun shiga gyaran injin ban ruwa da yafa irin shinkafa. Teloli ba su samun barci, 'yan Zumuntar Mata suna koyon waƙoƙi da yamma, samari da 'yan mata suna shirin wasan kwaikwayo na haihuwar Mai Ceto. Kowane gidan masu bi yana cikin lissafi: shinkafa mudu nawa, kaji nawa, atamfa turmi nawa.

Wannan lissafi ba laifi ba ne. Amma akwai wani lissafin da ya kamata ya riga shi, watau lissafin abin da Allah ya yi mana tun daga Janairu har yau. A kan wannan muke so mu yi zance da ku a wannan wata. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mu kuwa muna cewa godiya ma haka take. Idan ta tsaya a baki kaɗai, ba ta isa inda aka aike ta ba.

Mutum Goma, Ɗaya Ya Komo

Ku tuna da labarin da ke cikin Luka sura 17. Kutare goma suka tsaya daga nesa suna roƙon Yesu ya ji tausayinsu. Ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya sai suka ga sun warke. Babu shakka dukansu goma sun yi murna, mai yiwuwa kuma kowannensu ya ambaci sunan Allah a kan hanya. Amma ɗaya ne kaɗai ya juya, ya taka da ƙafarsa ya koma wurin wanda ya warkar da shi, shi kuwa Basamariye ne, baƙo. Taran nan sun sami lafiyar jiki, suka wuce abinsu. Shi wanda ya komo ya sami lafiya, ya kuma sami Mai ba da lafiyar.

Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin kula da kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, da Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina. Da dama daga cikin masu bi na fari a ƙasar Hausa a waɗannan wurare suka fara jin bishara, suka koyi karatu da rubutu. Waɗansunsu da suka sami sauƙi ba su tafi ba, suka tsaya suna wanke gyambon 'yan'uwansu, suna koya wa yara karatu. Yau kuturta tana warkewa sarai da haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a 1981, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wannan kaɗai ya isa abin godiya. Amma abin koyi a gare mu shi ne halin iyayen nan namu: sun komo.

A Ƙidaya Kafin A Ci

Mu mutanen kwarin Rima mun san yadda shekara take juyawa. A watan Nuwamba na 2015 aka zo Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa rance. A Disamban 2016 shinkafar Kebbi ta shiga kasuwar Ikko da sunan Lake Rice, ana sayar da buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000, mutanen kudu suka yi Kirsimati da gumin manomanmu. A 2017 aka buɗe babban injin cashe shinkafa na WACOT a Argungu. A lokacin godiya ba ta yi wa kowa wuya ba.

Sa'an nan damina ta 2020 ta zo. Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonakin shinkafa daga Argungu har Bagudo, ya rushe gidaje da gadoji. Mutum ya ci bashin taki da iri, ya tsaya a bakin gonarsa bai ga kome ba sai ruwa. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi, har ya zama a ƙarshen 2024 buhun shinkafa ya ninka kuɗinsa na 2016 sau da yawa. To, idan godiyarmu a kan buhu take zaune, ranar da buhu ya faɗi ita ma ta faɗi ke nan. Annabi Habakuk, a ƙarshen littafinsa, ya lasafta gona da ba ta yi ba, da garken da ya ƙare, duk da haka ya ƙudura zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Kirsimati tana tuna mana cewa babbar kyauta ta riga ta iso, ambaliya kuwa ba ta iya cinye ta.

A gidanmu muna da wata al'ada. A makon ƙarshe kafin Kirsimati, bayan cin tuwon dare, mukan zauna mu duka a tabarma ɗaya, a kawo wani tsohon littafin rubutu. Kowa, daga maigida har autan gida, zai faɗi abu uku da Allah ya yi masa a shekarar, a rubuta. Ba mu yarda da “mun gode don kome da kome” ba, sai an kira abin da sunansa. A shekarar ambaliya babbar 'yarmu ta ce, “Baba, bana me za mu rubuta? Gona ta tafi.” Kakarsu ta dube ta ta ce, “Jikata, ƙirga kawunan da ke kan tabarman nan. Akwai wanda ruwa ya tafi da shi?” Aka ƙirga, ba wanda ya ɓace. Daga nan bakin kowa ya buɗe: zazzaɓin da ya sauka, jarrabawar da aka ci, maƙwabcin da ya ba mu aron jirgi muka kwaso ɗan abin da ya saura. Shafi biyu muka cika a shekarar.

Idan an gama rubutu, sai mu bi layi ɗaya ɗaya mu tambayi kanmu: ta hannun wa Allah ya yi mana wannan? Gama yawancin alherin Allah ta hannun mutane yake zuwa. Nan ne godiya take samun ƙafa, wurin zuwa kuwa uku ne.

Tafiya Ta Fari: Ɗakin Sujada

Cikin Maimaitawar Shari'a sura 26 an umarci Ba'isra'ile ya sa nunan fari na gonarsa a kwando, ya kai da kansa gaban Ubangiji, ya kuma faɗi da bakinsa inda Allah ya ɗauko kakanninsa. Godiyar kaka da muke yi a ikkilisiyoyinmu daga nan ta samo tushe. Manomi ya kawo dami, mai albasa ya kawo kwando, masunci ya kawo kifi, mai albashi ya kawo daga albashinsa. A ware na Ubangiji tun ba a tafi kasuwa ba, kada a bar masa ragowar canjin tela.

Kada kuma wani ya ji kunyar ƙanƙantar abin hannunsa. Sa'ad da Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali a Urushalima, tsuntsaye biyu suka miƙa. Bisa ga Littafin Firistoci sura 12, wannan hadayar wadda ba ta da halin ɗan rago ce. Ashe iyalin da Mai Ceton duniya ya sauka a cikinsa baikon talakawa suka yi, ba su kuwa ci bashi don su burge kowa ba.

Iyaye maza da mata, mu yi wa juna gaskiya a nan. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin biki dabam yake. Kirsimati kwana ɗaya ce, kuɗin makaranta kuwa yana jira a makon fari ko na biyu na Janairu, ga kuɗin haya, ga taki da man injin noman rani. Gidaje nawa ne aka ci kaza cikinsu ranar 25 ga Disamba, aka kwana da faɗa ranar 10 ga Janairu? Maigida da uwargida su zauna tare tun yanzu, su cire baiko, su cire kuɗin makaranta, abin da ya rage shi ne na biki. Zanen aro ba ya rufe katara. Yaron da ya je sujada da tsohuwar riga wankakkiya, ya koma makaranta a kan kari, ya fi wanda ya sa sabuwa aka koro shi gida.

Tafiya Ta Biyu: Ƙofar Maƙwabci

Yawancin maƙwabtanmu a Gwadangaji Musulmi ne. Ran Sallah kwanonsu sukan shigo gidajenmu da tuwon shinkafa da masa da naman layya. Su ne sukan riga kowa zuwa sa'ad da aka yi mana rasuwa ko gobara. Kirsimati ita ce ranar da kwanon zai koma, kada kuwa ya koma wofi. Yaba kyauta tukwici.

Dattawanmu sun koya mana wata hikima: idan za a yanka akuya ko kaza ta biki, a kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yanka, domin kowa ya ci da kwanciyar rai. Wannan ba ya rage kome daga bangaskiyarmu, ƙauna ce take lura da lamirin wani. A tsabtace tukunya, a kiyaye abin da aka san ba su ci ko sha. Kada kuma a tura yara kaɗai. Maigida ya taka da kansa ya yi sallama a zaure ya ce, “Malam, mun gode da zaman bana.” Uwargida ta shiga cikin gida ta gaida Hajiya da Inna.

Kada mu rena abin da ziyara ɗaya take iya yi. Kabawa da mutanen Sakkwato sun yi shekaru masu yawa suna gāba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ya zo Argungu, aka shirya masa babban su don girmamawa. Daga nan bikin kamun kifi na Matan Fada ya kafu, har a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Idan sarakuna sun iya kashe tsohuwar gāba da ziyara, ina dalilin da rikicin kwata ko na akuyar da ta shiga gona zai haye da mu sabuwar shekara? Wanda muke bikin haihuwarsa Sarkin Salama ne.

Tafiya Ta Uku: Wurin Wanda Ba Shi Da Abin Ramawa

A zamanin Nehemiya, ranar da aka karanta wa jama'a Shari'a suka fashe da kuka, aka ce musu su je su ci su sha, su kuma aika wa waɗanda ba su da abin da suka tanada. Biki bai cika ba sai da rabon nan.

Su wane ne waɗannan a cikinmu? Da yawa daga cikin 'yan'uwa a ikkilisiyoyin Birnin Kebbi mutanen ƙasar Zuru da Yawuri ne, sun saba tafiya gida kowace Kirsimati. Tun daga 2021, shekarar da aka sace 'yan makaranta a Birnin Yawuri, hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Danko-Wasagu da Sakaba, akwai kuma iyalan da ba su da gidan komawa. Akwai gwauruwar da wannan ce Kirsimatinta ta fari ba mijinta. Akwai ɗalibai da masu bautar ƙasa daga nesa waɗanda kuɗin mota ya fi ƙarfinsu. Akwai na gadon asibiti, da na kurkuku. Kowane gida ya zaɓi mutum ɗaya ko iyali ɗaya. A kira su su ci tare da mu a kwano ɗaya, ko a kai musu. A tafi da yara, domin abin da yaro ya ga ƙafar ubansa ta yi, ya fi zama a zuciyarsa bisa ga abin da ya ji a makarantar Lahadi.

Makiyayan Baitalami ba su kai zinariya ba, ba su da ita. Abin da suka yi shi ne, suka tashi da dare suka je suka gani, suka ba da labari, suka koma bakin aikinsu suna yabon Allah. Wannan bai fi ƙarfin kowane gida ba, ko rumbu ya cika ko bai cika ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin 25 ga wata ku nemi littafin rubutu, ko da na ɗan makaranta ne. Ku tara iyali, ku karanta Luka sura 2 da sura 17, ku rubuta abin da Ubangiji ya yi muku, ku rubuta sunayen waɗanda ya yi aikin ta hannunsu, sa'an nan ku sa takalma.

Allah Uba, wanda ya ba mu Ɗansa, ya tsare masu tafiya a kan hanya, ya ta'azantar da masu makoki, ya sa albarka a noman rani, ya ba ƙasarmu salama. Barkanmu da Kirsimati, Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya. Amin.