Kafin A Kai Mai Karaya Gidan Ɗori

Mai karatu, idan yaronka ya faɗo daga kan mangwaro ya dafa ƙasa da hannu, ko ɗan'uwanka ya yi hatsari a kan babur, kafin ka buɗe baki za ka ji maƙwabta sun yanke shawara: a kai shi wurin mai ɗori, domin asibiti yanke hannu suke yi. Ra'ayina shi ne a fara da asibiti, a sashen agajin gaggawa, kuma a ranar da abin ya faru.

Ban raina masu ɗori ba. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu bai kai na asibiti ba, kuma kowa ya san wanda aka ɗora ya warke sarai. Amma a sani, ƙashi abu ne mai rai, shi yake haɗe kansa idan aka hana shi motsi. Abin da ke raba mutum da hannu ko ƙafa galibi ba ƙashin ba ne, jijiyoyin jini ne da tsokar da ke kewaye da shi, kuma waɗannan ba a gane halinsu da shafa kaɗai.

Duk inda ƙashi ya karye, wurin zai ci gaba da kumbura har kwana 2 ko 3. Tsokar hannu da ta ƙafa kuwa tana cikin wata fata mai tauri wadda ba ta miƙewa. Idan aka jera karare aka ɗaure tamau da tsumma, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse hanyoyin jini daga ciki. Tsokar da jini ya daina isa gare ta takan fara mutuwa cikin kamar awa 6, kuma wadda ta mutu ba ta dawowa. Bayan kwanaki, yatsu sun yi baƙi, wari ya tashi, sannan a garzaya Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko wani babban asibiti. A lokacin likita ba shi da zaɓi sai yankewa, don kada ruɓar ta shiga jini ta kashe majiyyacin. Daga nan labari ya bazu a unguwa cewa asibiti sun yanke hannun yaro, a manta da makon da hannun ya yi a ɗaure.

Yara sun fi shiga wannan haɗari, musamman idan karayar ta faru a ɗan saman gwiwar hannu, domin babbar jijiyar jini ta bi ta gaban ƙashin daidai wurin. Yaron da gwiwar hannunsa ta kumbura bayan faɗuwa, kada a ja, kada a murza, kada a ce targaɗe ne.

Me ake yi a asibitin? Ma'aikacin lafiya zai fara duba numfashi da zubar jini da kai da ƙirji da ciki, domin karayar da ido ke gani ba lallai ita ce mafi haɗari ba. Ƙashin cinya kaɗai yana iya zubar da jinin da ya wuce lita 1 a cikin jiki ba tare da an ga ɗigo a waje ba. Sannan ya taɓa bugun jini a ƙasan raunin, ya sa majiyyaci ya motsa yatsu, ya tambaye shi ko yana jin taɓi. Bayan haka a ɗauki hoton ƙashi, yawanci ta fuska biyu, a bambance karaya da tsagewa da gocewa da targaɗe. Ka lura kuma, ɗaurin filastar da ake fara yi sau da yawa rabi ne, ana barin gefe ɗaya da bandeji kawai domin kumburi ya sami sarari. Sai ya sauka ake zagaye gaɓar gaba ɗaya.

Idan ƙashi ya huda fata, ko akwai rauni a kan karayar komai ƙanƙantarsa, maganar ta wuce jira. Ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa zuwa ƙashi, kuma ciwon da ya kama ƙashi yakan yi shekaru yana fitar da mugunya. Ana bukatar allurar kashe ƙwayoyin cuta da wuri, da rigakafin tetanus, da wanke raunin a ɗakin tiyata. Kada a zuba toka ko garin magani, kada a tura ƙashin ciki. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a danne idan jini na zuba, a kama hanya.

Kafin a tashi, a tallafe gaɓar yadda aka same ta da kwali ko katako, a naɗe sakwa-sakwa, a bar yatsu a waje. A cire zobe da awarwaro tun kumburi bai riƙe su ba. A dakata da abinci da abin sha, ko da za a bukaci tiyata. Wanda ke kukan wuya ko gadon baya bayan hatsari, kada a naɗe shi a cusa cikin Adaidaita Sahu. A ɗauke shi a miƙe kan abu mai faɗi, mutum ɗaya na riƙe da kansa. Tsohuwar da ta zame a banɗaki ta kasa tsayuwa kuwa, a zargi karayar ƙugu, ko da faɗuwar ba ta da ƙarfi.

Na san kuɗi ne ke mayar da mutane da yawa gidan ɗori, kuma wannan ba ƙaramin dalili ba ne. To, ko da aljihu ba zai ɗauki dukan jinyar ba, a daure a biya na dubawa da na hoto, a ji daga bakin likita wace irin karaya ce.

Ko a ina aka yi ɗaurin, asibiti ko gida, ka sa ido a kwanakin farko. Idan zafi na ƙaruwa har magani ya kasa, ko majiyyaci ya yi ihu da an miƙar masa da yatsu, ko yatsun sun yi sanyi, sun dushe, ko ya ce ba ya jin su, a sassauta ɗaurin nan take a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada ka yarda a ce maka zafin alamar ƙashi na kamawa ne.